Alwala a Gidan Ƙanƙara

Wata uku na zo yi a Doha, annobar korona ta mayar da su shekara uku. 'Yata ce ke aure a unguwar Nu'aija. Ta haihu, na zo ganin jika, kafin in gama haɗa jakar komawa aka rufe filayen jiragen sama. Da aka buɗe kuma sai ta riƙa ja mini rai: yau "Baba, bari zafi ya wuce," gobe "Baba, bari a yi maka allura ta biyu." Ni ma ban matsa ba, don uwarsu ta rasu, gidana na Gusau babu kowa a ciki sai ƙadangaru.

Abin da ya dame ni shi ne rashin abokin hira. Da aka sassauta kulle sai na fara fita da takunkumina ina zagaya unguwanni. Wata Juma'a a Bin Omran, a bakin wani ɗan kanti, na ji mutum biyu suna musu da Hausa a kan wa ya fi iya dafa shinkafa tsakanin Kano da Kumasi. Na yi sallama, na ce ni alƙali ne, amma ba na yanke hukunci sai na ɗanɗana. Haka suka ja ni gidansu, wani tsohon gida da aka yanka ɗaki-ɗaki da katako, masu gadi da direbobi sun cika shi. Daga ranar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, can nake cin abinci.

Masu musun nan biyu su suka zama mutanena. Ɗaya Bakano ne, mai gadi a wani babban kanti, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Ɗayan ɗan Zangon Kumasi ne, ƙato, ya haura arba'in, 'ya'yansa huɗu a gida, in ya yi dariya har katakon ɗakin sai ya amsa. A da direban otal ne. Da annoba ta kori baƙi, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya mayar da shi wani sito a bayan gari inda ake ajiye daskararrun kaji da nama. 'Yan gidan suna ce wa wurin gidan ƙanƙara. A waje rana tana narkar da kwalta, a ciki kuwa sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri ashirin da wani abu, shi kuma yana shiga yana fita da keken ɗaukar kwalaye tun safe har yamma.

Wata Juma'a na tarar da shi zaune a tsakar gida, ya tsoma ƙafafunsa cikin roba, tururi yana tashi. Na sa yatsa a ruwan, na janye da sauri.

"Fitar da su," na ce. "Dafa su za ka yi?"

"Baba, ai ko zafin ba na ji," ya ce yana dariya. "Yatsun sun shiga yajin aiki."

Da ya ɗago ƙafar sai dariyar ta fita daga raina. Yatsun sun kumbura, fatar ta yi fari-fari ta yamushe kamar ta wanda ya wuni a rafi, biyu sun yi bororo. Bakano ne ya gaya mini sauran. Sau biyu ke nan likitan kamfani yana ba shi hutu saboda ƙafar. A na biyun ya faɗa masa ƙarara cewa in ya duba shi a gwajin shekara ya ga yatsun ba su farfaɗo ba, zai rubuta cewa jikinsa ba ya ɗaukar aikin sanyi. Kamfanin ba shi da wani gurbin da zai sa shi. Ma'anar takardar ita ce a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, a lokacin da ko a gidan babu aiki.

"Baba, kai da ka fito daga Gusau, me ka sani a kan sanyi?" in ji ɗan Kumasi, da ya ga ina jujjuya ƙafarsa kamar mai sayen doya.

Na ce ya zubar da ruwan tukuna, ya sirka wani mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, sannan in ba shi labari.

Aikina na ƙuruciya binciken ma'adinai ne, shi ya kai ni duwatsun Jos da hamadar arewacin Nijar da gabashin Sudan. Amma kafin duk waɗannan, da na gama karatu a Rasha, an tura ni koyon aiki can gabashin Siberiya, ƙasar Yakutawa, a wani gari da ke bakin kogin Lena. Mutanen can in suna son sanin daɗewarka, ba sa cewa shekara nawa, sai su ce sanyi nawa ka yi. Ni biyu na yi.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa Bayakuta, gajera, mai faɗin fuska, mijinta ya mutu. Ranar farko ta dubi takalmina mai sheƙi da na sayo a Mosko, ta ɗauke shi, ta wurga ƙarƙashin gado. Ta kawo mini na marigayin, dogo har gwiwa, na fatar barewar ƙasarsu da gashinta a jiki, ya fi ƙafata girma nesa ba kusa ba. Na ce mata da Rashancina na makaranta ya yi mini yawa. Ta ce, "Sauran wurin ba naka ba ne, na iska ne. Ita za ta riƙe maka ɗumi."

Garin nan komai nasa a juye yake ga mutumin ƙasarmu. Gidaje a kan ginshiƙai suke tsaye kamar rumbu, don ƙasar daskararriya ce har can ciki, in ɗumin gida ya taɓa ta sai ta narke, ginin ya karkace. Bututun ruwa ba a binne su, a sama suke bi, an naɗe su kamar masu ciwo. A kasuwa, kifi a tsaye ake jera shi cikin kwando kamar itacen girki, in mai kifi yana son jan hankalinka sai ya ƙwanƙwasa biyu ka ji ƙara. Madara a kwano ake zuba ta ta daskare, a juye, a miƙo maka farin faifai ka saƙale a hammata ka tafi gida. Na tuna matan Fulaninmu da ke sauri da ƙwarya kada nono ya lalace kafin azahar, na ce ina ma sun gani. Firij ɗin tsohuwa wata jaka ce da ke rataye a bayan taga. Ruwan sha kuwa maza ke zuwa kogi da zarto su yanko shi tubali-tubali, a jibge a bakin ƙofa, in za a dafa shayi a ɓalli gutsure.

In sanyi ya kai ƙasa da sifiri da hamsin, wani farin hayaƙi yakan rufe garin, na numfashin mutane da na motoci, ya tsaya cak ba ya tashi. Direba ba ya kashe mota a waje, don in ya kashe ta sai Allah ya kai mu bazara. Gashin ido yana yin fari, in ka ƙifta sai ka ji yana mannewa. Tsohuwa takan shanya wanki a waje, jim kaɗan wandona ya sandare ya zama allo, ta shigo da shi a tsaye, ta jingina shi da bango, ta ce, "Ga baƙonka ya zo." Yara kuwa suna can waje suna wasa a sanyin da a ce a Gusau aka yi shi, da an taru a masallaci ana addu'a.

Akwai wata al'ada tasu da na fi so. Kana tafiya a titi, wanda bai san ka ba zai tare ka ya ce, "Hancinka ya yi fari." Ba zagi ba ne. Sanyi in ya fara cin fata, mai fatar ba ya ji, sai dai wani ya gani ya gaya masa, ya rufe wurin da tafin hannu ya faɗa kanti mafi kusa. To ni fa, da baƙar fatata? Mutane sukan tsaya su ƙura wa hancina ido su rasa abin faɗa. Wani dattijo ya taɓa bin sawuna har tashar bas yana ba ni haƙuri, wai ya duba ya sake dubawa, bai gane ko lafiya nake ko na riga na lalace ba. Daga baya unguwar ta samo dabara, sai su cire safar hannu su taɓa. Mai burodi, mai share dusar ƙanƙara, matar da ke duba tikiti a bas, kowa ya latsa hancina ya ce yana da rai, in wuce. Ban taɓa zama a garin da aka damu da hancina haka ba.

Bakano ya ce, "Baba, wannan a Kano ai dambe za a yi."

"A can ma da farko na so in yi," na ce.

Na juya kan ɗan Kumasi, na ce ya kwatanta mini wuninsa tun daga safe, kada ya tsallake komai. Ya ce kamfani ya ba su kaya: riga mai kauri, hula, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki. Abokan aikinsa 'yan Nepal da 'yan Kenya babu abin da ya same su. Shi kaɗai ne.

"Safa nawa kake sawa?"

"Uku, na auduga masu kyau. Da ƙyar ma takalmin ke shiga."

"Azahar fa?"

"Ɗan hutu ake ba mu, ba yawa. In fito, in cire, in yi alwala a famfon bayan sito, in yi salla, in koma. La'asar ma haka."

"Da me kake goge ƙafar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi da me ake goge teku. "Goge ƙafa? Baba, ruwan alwala ne fa. Wa ke goge shi? Da kansa yake bushewa."

A nan matsalar take. Duk wanda ya tashi a Kumasi ko Kano ko Gusau haka ya saba: ka wanke ƙafa, ka zura silifa, kafin ka kai sahu rana ta shanye ruwan. Shi kuma sai ya yi sallarsa a gurguje, ya cusa ƙafa da danshinta cikin safa uku da gumin Doha ya riga ya jiƙa, ya ɗaure takalmi tam, ya koma cikin ƙanƙara. Sau biyu kullum, wata da watanni. In ya dawo gida kuma ya ƙona abin da ya rage da ruwan zafi.

Na cire takalmina na dama da safata, na miƙa masa ƙafar. Ƙaramin yatsana guntu ne, ba shi da farce, na kusa da shi ma rabin farce gare shi.

"Wannan alwalar azahar ce," na ce. "A sanyina na farko."

Na ba su labarin. Na yi alwala a wurin aiki, na zura ƙafa a jiƙe, na tafi tasha, bas ta makara. Da na isa gida ba na jin ƙasa. Tsohuwa ce ta zare mini takalmin, ta cusa ƙafar a hammatarta tana zagina da yarensu, wanda Allah ya taimake ni ban iya shi ba tukuna. Da na warke ta ja ni har shagon wani tsoho Batatare, Musulmi, mai gyaran agogo a bayan kasuwa, ta ce masa, "Ga ɗan'uwanka, koya masa kafin ya ƙarar da yatsunsa." Mutumin bai yi dogon bayani ba. Ya cire takalminsa, sai ga wata safa ta fata mai laushi, ɗinkakkiya, ta rufe har idon sawu. Huffi. Da asuba yake yin cikakkiyar alwala, ya goge ƙafa ta bushe ƙayau, ya sa. Sauran wunin, in alwala ta karye, ya wanke sauran gaɓoɓi, ya jiƙa hannu ya shafa a kan fatar. Kunya ta kama ni. Na karanta babin shafa a kan huffi tun ina ƙarami a zauren malaminmu, na haddace sharuɗɗansa, amma ban taɓa ganin huffi da idona ba sai a bakin kogin Lena.

Ɗan Kumasi ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"A'a, Baba. Marigayi babana ya yi limanci a Zango shekara da shekaru, ban taɓa ganin ya shafa komai ba. Wankewa yake yi har tsakanin yatsu. Ni ban zo ƙasar Larabawa don in rage alwala ba."

"Ka ji shi," in ji Bakano. "Mutumin da ke rage mana nama a miya, wai ba ya rage alwala."

"Kai dai yi shiru, mai gadin esi. Aikinka tsayuwa a ƙofa kana leƙa wayar mutane ka ga ko ta yi kore."

Wancan lokacin haka ake yi, ba a shiga kanti sai mai gadi ya ga alamar lafiya a wayarka.

Juma'ar da ta biyo baya na zo da ƙwai biyu, na sa aka dafa. Ɗaya na naɗe shi sakwa-sakwa da busasshiyar safa ta ulu, ɗayan na ƙulle shi tam da safar auduga mai danshi, na buɗe firizar gidan na ajiye su. Bakano ya tashi tsaye.

"Baba, da girmanka? Safa a kan namana?"

"Wankakkiya ce."

"Ta ɗan Kumasi ba ta wankuwa."

Muka ci shinkafa, muka sha shayi. Da aka buɗe, safar auduga ta ƙandare, ƙwanta ya yi sanyi ƙalau. Na ulun kuwa da sauran ɗuminsa. Ɗan Kumasi ya riƙe su ɗaya a kowane hannu, ya daɗe yana auna su, sannan ya ɓare mai ɗumin ya cinye.

"Gogewa na yarda," ya ce. "Tawul ba haramun ba ne. Safa ma zan canza. Amma shafa, a'a."

Ya sayi ɗan tawul, ya rage safa. Abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai isa ba. Hutun gajere ne, iskar Doha ta bazara kuma cike take da danshi, ko ka goge, tsakanin yatsu ba ya bushewa. Bayan mako uku wani sabon bororo ya fito. Ya ɓoye wa manaja, ya ci gaba da shiga yana ɗingishi. Ranar da na gani, dariyarsa ta ragu sosai.

Na ga cewa maganata ba za ta ci shi ba, ni mai haƙar duwatsu ne, ba malami ba. Na tambaye shi wa ya rage a gidan babansa. Ya ce akwai ƙanin baban, shi ya gaji zauren karatu, ya tsufa ƙwarai amma kansa garau. Na ce a kira shi yanzu.

Tsohon ya ɗauka, ya manna wayar a fuska har ba ma ganin komai sai gira ɗaya da gefen rawani. Bayan doguwar gaisuwa ɗan Kumasi ya zayyana masa komai.

"Wane irin sanyi ka ce?" in ji tsohon.

"Kamar cikin firiza, Baba Ƙarami."

"Kai kake shiga firizar? Da kanka?"

"Da kaina."

"Mu nan mun ɗauka mota kake ja. To babin huffi da muka karanta muku, don wa kake tsammani aka rubuta shi? Don kajin?"

"Ai babana bai taɓa yi ba."

"Yayana bai taɓa shiga firiza ba. Mu a nan karantawa muke yi mu wuce, don ba mu da abin shafawa. Tun gemuna yana baƙi nake karantar da babin nan, ban samu mutum ɗaya da zai yi aiki da shi ba. Yau Allah ya ba ni ɗaya a cikin gidanmu, shi ne yake gardama."

Bakano ya kife a kan tabarma yana dariya ba sauti. Tsohon ya lissafa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya sa ɗan nasa ya maimaita kamar yana gaban allo: ya zama na fata, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, a sa shi bayan cikakkiyar alwala. Ya ƙara da cewa ƙafa amana ce, ba a ba shi don ya kai wa ƙanƙara ba. Da za mu yi sallama sai muryarsa ta sauka. "In ka samo, ka nuna mini. Ban taɓa ganinsa ba."

Bayan la'asar muka tafi tsohuwar kasuwa, mu uku. A wani lungu muka samu baduku ɗan Afganistan. Larabcina na Sudan da nasa na kasuwa suka haɗu a tsakiya, muka fahimci juna. Da ya ji inda mutumin ke aiki sai ya ajiye abin da yake ɗinki, don shi ma ɗan duwatsu ne, ya san sanyi. Ya dubi ƙafar ɗan Kumasi, ya ce masha Allah, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da mafi girman huffin da yake da shi, baƙi, mai laushi, da safar ulu irin ta ƙauyensu. A nan bakin shagon aka sake kiran Kumasi. Tsohon ya sa aka juya masa huffin ciki da waje, aka nuna masa ɗinkin, ya kira ɗalibansa manya suka taru a kan wayar. Muna jin yana ce musu, "Kun gani? Ashe haka yake."

Saura takalmi. Ya je wurin mai kula da kayan ma'aikata ya nemi wanda ya fi ƙafarsa da lamba biyu. Mutumin ya ce wanda yake sawa ma shi ne na biyu a girma a duk siton, ya ba shi na ƙarshen, ya ce shi ke nan, bayan wannan sai kwalekwale.

Daga nan rayuwarsa ta samu tsari. Da asuba ya yi alwala, ya zauna a bakin gado ya goge yatsu ɗaya-ɗaya, ya sa ulu, ya sa huffi, ya zura ƙaton takalminsa. Da azahar ya cire takalmin kawai, ya shafa, ya yi salla a natse, har ya samu lokacin kurɓar shayi. Na koya masa sauran abin da tsohuwa ta koya mini: kada ya shiga sanyi da yunwa, ya ci abu mai maiƙo da safe, in ya yi gumi a wurin lodin mota ya tsaya a ɗakin da ke tsakanin waje da ƙanƙara ya huce kafin ya shiga ciki, kuma kada ya tsaya cak, ya riƙa motsa yatsu a cikin takalmi. Wasu 'yan Bangladesh biyu da aka kawo siton suka ga yana shafa, suka tambaya, ya kai su wurin baduku da kansa, yana yi musu bayani kamar shi ya gano abin.

Wata rana da hantsi ya kira ni daga wurin aiki. "Baba, akwai matsala. Yatsun suna cizona kamar cinnaku."

Na ce, "Barka. Masu yajin aiki ne suka fara dawowa."

Ana haka gari ya fara canzawa. Aka daina sa takunkumi, tutoci suka cika tituna, gasar cin kofin duniya ta matso. Aikin sito ya ninka, don duk baƙin da za su zo sai sun ci kaza. Ghana kuma ita ta hana Najeriya zuwa, abin da ya sa gidan Bin Omran ya zama wurin azaba ga Bakano.

"Kada ka damu," ɗan Kumasi yakan ce masa. "Za a bar ka ka yi gadin ƙofa in muna wasa."

"Ka fara tsallake likita tukuna, kada ka kalli wasan a Kumasi."

Wasa yake yi, amma duk mun san haka abin yake. Gwajin shekara ya faɗo makonni kaɗan kafin a fara gasar.

Ranar muka raka shi, ni da Bakano, muka zauna a benci a bakin ƙofar likita. Ƙofar ba ta da kauri. Daga baya ya gaya mana yadda aka yi: likita ya sa shi ya rufe ido, ya riƙa taɓa yatsun da wani siririn tsinke, in ya ji ya faɗa. Da Turanci ya kamata ya amsa, amma tsoro ya mayar da shi harshen gida. Muna zaune muka ji muryarsa.

"Na ji."

Bakano ya lanƙwasa yatsa ɗaya.

"Na ji. Na ji."

Haka muka bi shi har biyar, ƙafa ɗaya ta fita. Aka koma ɗayar. Shida, bakwai, takwas. Tara ta ɗan jinkirta, sannan ta zo. Muka jira ta goma. Shiru. Bakano yana riƙe da ɗan yatsansa guda a miƙe, ya kasa sauke hannun. Muka ji likita yana magana ƙasa-ƙasa, muka ji ana jan kujera, aka daɗe.

Ya fito da takalmi a hannu, fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai da ya zo gabanmu ya miƙo mini takardar. Na sa tabarau. An rubuta ya dace da aikin.

"Tara sun dawo," ya ce. "Ƙaramin na hagu ne ya ƙi. Likita ya ce tara sun isa aiki, na goman wataƙila ya dawo, wataƙila ya tafi ke nan. Ya tambaye ni me na canza, na nuna masa huffi. Ya ce kakansa ma yana da irinsa."

"To sa takalminka," in ji Bakano. "Kana kashe mana marasa lafiya."

Surukina ne ya samo mana tikiti uku na wasan Ghana na biyu, a wani fili da ke Al Rayyan, da la'asar. Ni rabona da filin ƙwallo tun ina Jos. Abin da ba mu sani ba shi ne an sa na'urorin sanyi a ƙarƙashin kujeru, iska mai sanyi tana busowa a ƙafafun mutane. Ɗan Kumasi ko a jikinsa. Bakano kuwa, da ya zo da 'yar riga mai gajeren hannu, kafin a tafi hutun rabin lokaci haƙoransa sun fara kaɗawa. Babu abin rufa a kusa sai tutar Ghana da ke wuyan abokinsa. Ya yi ta dauriya, daga ƙarshe ya miƙa hannu ba tare da ya dube shi ba. Ɗan Kumasi ya yafa masa ita da kansa, ya gyara masa gefe, ya ɗauki hoto.

Wasan ya yi zafi, aka yi kunnen doki, kowa ya miƙe tsaye. Da Ghana ta jefa ta uku, wurin ya rikice. Bakano ya manta ko shi ɗan ina ne, ya daka tsalle da tuta a kafaɗa, ya dira da dukan nauyinsa a kan ƙafar hagun ɗan Kumasi, wanda ranar silifa ce a ƙafarsa.

Ƙaton ya durƙushe ya riƙe ƙafar. Na ɗauka faɗa zai tashi. Sai ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa, yana dariyar nan tasa da na daɗe ban ji irinta ba.

"Baba, ƙaramin ne," ya ce. "Wallahi da zafi."

"In sake takawa?" in ji Bakano.

"Taka ka gani in ban karya ka ba."

Ya ƙarasa kallon wasan a tsaye da ƙafa ɗaya, hannunsa a kafaɗata. Ana busa tashi ya ce mu yi sauri mu kama jirgin ƙasa, gobe da sassafe akwai kwantena biyu na kaji da ke jiransa.